Mayar da iskar gas man ruwa

Mayar da iskar gas man ruwa fasaha ce ta sarrafa gas ɗin da ake haƙowa daga ƙasa, wanda akasarinsa metan ne, ya koma man dizal (gazuwal a bakin mutanen Maraɗi), kananzir, kaki ko metanol. Daban yake da gas ɗin girki da ake saye a Maraɗi, wanda matatar SORAZ ta Damagaram ke fitarwa: shi gas ɗin girki matsi kaɗai ke mayar da shi ruwa. Shi metan, kafin ya zama mai, sai an wargaza shi an sake ƙulla shi.

Yadda ake yi

Ana haɗa metan da tururi a zafin da ya haura digiri 800, ya rabu ya zama iska iri biyu, haidurojin da kabon monoksaid. Daga nan a bi da su kan kobal ko ƙarfe, su harhaɗu su zama mai. Dizal ɗin da ke fita kusan babu farar wuta a cikinsa.

Tarihi

Masana kimiyya biyu, Franz Fischer da Hans Tropsch, suka gano hanyar a garin Mülheim na Jamus wajen 1925, kuma sunansu take ɗauke da shi. Da kwal aka fara. Jamus, wadda ba ta da man fetur isasshe, ta yi amfani da ita a Yaƙin Duniya na Biyu. Afirka ta Kudu ta ɗauka: kamfanin Sasol ya buɗe masana'anta a Sasolburg a 1955, kuma takunkumin zamanin wariyar launin fata ya ƙara mata daraja. Kusan ko'ina rashi ne ya raya wannan fasaha.

A farkon shekarun 1990 aka buɗe masana'antu masu aiki da gas a maimakon kwal, a Mossel Bay ta Afirka ta Kudu da kuma Bintulu ta Malesiya, inda Shell ya fara aiki a 1993. Masana'antar Pearl ta Katar, mai ganga 140,000 a rana, ta soma a 2011. Ta Escravos a jihar Delta ta Najeriya ta biyo baya a 2014, bayan jinkiri mai tsawo da kuɗin gini da ya ninka abin da aka ƙiyasta.

Ƙananan tukwanen sarrafawa

Haɗuwar haidurojin da kabon monoksaid a cikin tukunyar sarrafawa tana haifar da zafi sosai, kuma fitar da shi ne babban aiki. Ƙananan tukwanen na ɗauke da dubban siraran hanyoyi, faɗinsu milimita kaɗan, da ruwan sanyaya a tsakani, don haka injin ya ƙanƙance har a iya kai shi bakin rijiyar mai da mota. Manufar ita ce amfani da gas ɗin da ake ƙonawa a banza a filayen mai masu nisa da bututu. Kamfanonin Velocys da CompactGTL sun yi suna a nan. Wata masana'anta mai tukwanen Velocys a Oklahoma ta Amurka ta fara aiki a 2017, ta tsaya a 2018.

Riba

Ana saɓani kan ribar wannan fasaha. Ta dogara da arhar gas da tsadar ɗanyen mai.