Kayan da bai kamata su kwana a ɗakin ƙarƙashin ƙasa ba

A gidan da ke da ɗaki a ƙarƙashin ƙasa, can ake jibge duk abin da aka rasa wurin ajiye shi. Sai dai ɗakin nan yana da halinsa: duk abin da ke da nauyi can yake gangarawa, ko ruwa, ko tururin mai, ko iska mai sanyi da laima, kuma idan ya sauka ba ya samun hanyar fita. Saboda haka kafin ka sauka da kaya, duba abu biyu: kayan nan yana fitar da tururi? Yana shan danshi?

Mu fara da wanda ke kisa. Tukunyar gas ta girki ba ta da wurin zama a ƙasa, ko cike take ko an ce ta ƙare, domin wadda ake cewa ta ƙare ma da saura a cikinta. Gas ɗin da ke ciki ya fi iska nauyi sau ɗaya da rabi zuwa sau biyu. Idan bakin tukunya ko tiyo ya fara yoyo, gas ɗin malala yake yi kamar ruwa, ya kwanta a daɓe, ƙasa da hancin wanda ke tsaye, don haka mutum zai iya shiga bai ji warinsa sosai ba. Da ya kai wajen kashi 2 cikin 100 na iskar wurin, tartsatsin makunnin fitila ko na injin firji ya isa ya tayar da ɗakin. Fetur ya fi haka: tururinsa ya ninka iska nauyi sau uku zuwa huɗu, kuma ko ana tsananin sanyi yana fita. Haka kananzir, tina (ruwan tsinka fenti) da fentin mai. Wurinsu rumfa ce a waje, mai inuwa da iska, tukunya a tsaye, jarka a rufe.

Janareta kuwa, ajiye ta a can na jawo a tayar da ita a can. Hayaƙinta na ɗauke da gubar kabon monoksaid, wadda ba ta da wari ko launi, tana bin matakala da tsagar bango ta kai ga masu barci a sama. Alamunta ciwon kai, jiri, tashin zuciya da kasala. A kunna ta a waje, aƙalla mita 6 daga ƙofa da taga.

Sinadaran wanki da na gona ma a yi hattara. Bilic idan ya haɗu da ruwan wanke masai mai asid yana fitar da iskar kulorin, ita ma mai nauyi ce, a ƙasa take taruwa ta ƙona ido da huhu. Ambaliya ɗaya ta isa ta kifar da galan biyu su gauraya. Laima kuma tana ɓantare takardar da ke jikin kwalbar maganin ƙwari, sai a wayi gari ba a san abin da ke ciki ba. Takin zamani da siminti su kan dunƙule su yi dutse.

Yanzu ga danshi, wanda ɓarnarsa a hankali take tafiya. Bangon ɗakin ƙasa yana manne da ƙasa mai sanyi, iska mai ɗumi idan ta taɓa shi sai ya yi gumi. Laimar iska idan ta wuce kashi 60 cikin 100 fumfuna na samun wurin zama, kuma kayan da ya jiƙe zai iya fara fumfuna cikin awa 24 zuwa 48.

Maganin sha na marar lafiya shi ne abin da muka fi damuwa da shi a nan. Duba kwalinsa, yawanci za ka ga an ce a ajiye a busasshen wuri, ƙasa da digiri 25 ko 30. Mutane na ganin sanyin ɗakin ƙasa su manta da sharaɗin bushewa. Asfirin da ya sha laima yana rushewa, har ka ji yana warin tsami irin na binega. Kafso yana laushi ya manne da ɗan'uwansa. Tsinken gwajin sukari da ya sha danshi yana ba da sakamakon ƙarya, mai ciwon sukari kuma da wannan lambar yake auna maganinsa.

Hatsi, gari da gyaɗa a buhu ko kwali su ma kada su sauka. Hatsin da za a adana ana so danshinsa ya tsaya wajen kashi 13 cikin 100 ko ƙasa, amma buhu a kan daɓe yana tsotsar laima ta gindi. Wani nau'in fumfuna yana barin gubar afulatoksin, mai lahanta hanta har ta kai ga sankara, kuma dafuwa ba ta kashe ta. Wanke hatsin ko shanya shi daga baya ba ya cire gubar da ta riga ta shiga. Ga ɓera, wanda fitsarinsa ke yaɗa cuta. Abincin gwangwani zai iya zama, muddin ana dubawa: wanda ya yi tsatsa a bakin haɗi ko ya kumbura, a zubar.

Katifa, matashi, kafet, bargo da kayan jarirai suna shan laima har cikin soso. Ka ɗaga katifar da ta yi wata shida a ƙasa, za ka ga ɗigo-ɗigon baƙi a bayanta da warin rima, kuma goge sama ba ya kai wa ciki. Mai asma da jariri su ke fara tari. Takardun gida, takardar haihuwa, fasfo da hotuna su kan manne da juna, tawada ta narke. Kwali da itace kuma abincin gara ne, daga nan take samun hanyar katakon gini. Na'urori suna tsatsa ta ciki, batirin litiyam da ruwa ya shiga kuwa zai iya kamawa da wuta ko bayan ya bushe.

Don sanin halin ɗakinka, yanki leda mai kauri kamar santimita 45 kowane gefe, ka manna ta a daɓe da salatif ta kowace kusurwa, ka bar ta kwana ɗaya. Raɓa a ƙarƙashin ledar na nufin ruwa daga ƙasa yake tasowa, sai an gyara magudana da daɓe. Raɓa a samanta na nufin iskar ɗakin ce ke da laima, sai a nemi hanyar iska ko na'urar tsotse laima, a riƙe laimar tsakanin kashi 30 da 50.

Abin da ya dace da ƙasa shi ne kayan roba, tangaran, gilashi da kayan aikin ƙarfe da aka shafa wa mai. A zuba su a akwatin roba mai murfi, a ɗora kan kanta da ta tashi santimita 15 daga daɓe, a bar tazarar tafin hannu tsakaninta da bango. Bayan kowane ruwan sama mai ƙarfi a sauka da tocila a duba kusurwoyi. Idan an ji warin gas daga bakin matakala, kada a taɓa makunni ko ɗaya, a fitar da kowa waje, daga can a kira masu kashe gobara.