Waiwaye: Doguwar tafiyar binne hayaƙin tashoshin lantarki

A watan Oktoban 2014, a gefen garin Estevan da ke lardin Saskatchewan na ƙasar Kanada, aka ƙaddamar da abin da injiniyoyi suka shafe shekaru suna zanawa a takarda: tashar lantarki mai ƙona kwal, wadda ke tare iskar kabon da ke cikin hayaƙinta tun kafin ta tashi sama. Sunan tashar Boundary Dam, kuma injinta na uku kaɗai aka yi wa wannan aiki, a kan kuɗi wajen dalar Kanada biliyan ɗaya da rabi, don wutar da ba ta wuce megawat 115 ba. A lokacin an ɗauka ƙofa ce ta buɗe, sauran tashoshi za su biyo a jere. Shekaru goma bayan haka, manyan tashoshin lantarkin da ke wannan aiki a duniya ba su cika yatsun hannu biyu ba.

Dabarar kanta ta girmi damuwar duniya kan ɗumamar yanayi. A 1930 wani Ba'amurke mai suna Robert Bottoms ya yi rajistar hanyar wanke iskar gas da ruwan wani sinadari da ake kira amin. Matsalar masu haƙar gas ce ya warware: gas yakan fito daga rijiya gauraye da iskar kabon, wadda ba ta ci da wuta, tana kuma cin bututu in ta haɗu da danshi, don haka dole a raba su kafin a sayar. Abin da aka ware sai a sake shi sama, ba wanda ya damu. A 1972 ne masu man fetur a yammacin jihar Teksas suka gano cewa wannan shara tana da kasuwa. Suka ja bututu daga matatun gas na yankin Val Verde zuwa wani tsohon filin mai da ya fara ƙafewa, suka riƙa ɗura iskar a cikin ƙasa, tana narkewa cikin ɗanyen man da ya maƙale a ramukan dutse, tana tsinka shi, tana turo shi waje. Watau tun ranar farko, binne kabon ya shigo ne a matsayin hanyar ƙara haƙo mai, kuma wannan asali bai rabu da shi ba har yau.

Wanda ya fara haɗa zancen da yanayi shi ne Cesare Marchetti, masanin kimiyya ɗan Italiya da ke aiki a wata cibiyar bincike a Ostiriya. A 1977 ya ba da shawarar a tara iskar daga tashoshin lantarki a zuba ta a mashigin Jibralta, inda ruwan Bahar Rum mai nauyin gishiri ke nutsewa ƙarƙashin tekun Atlantika, ya tafi da ita can ƙasa. Zancen zubawa a teku bai yi nisa ba, don an ga zai ƙara wa ruwa tsami ya cutar da halittu. Amma tunanin ya zauna. A 1989 jami'ar MIT ta Amurka ta buɗe shirin bincike na musamman a kan lamarin, hankali kuma ya koma kan duwatsun ƙarƙashin ƙasa.

Gwajin da ya sa duniya ta yarda abin mai yiwuwa ne ya zo daga Norwe. A 1991 ƙasar ta ɗora haraji a kan iskar kabon da kamfanonin da ke haƙar mai a teku ke saki sama. Gas ɗin filin Sleipner yana ɗauke da kabon kusan kashi 9 cikin ɗari, masu saye kuwa ba sa karɓar fiye da kashi biyu da rabi. Kamfanin Statoil, wanda yanzu ake kira Equinor, ya buga lissafi, ya ga binnewa ta fi biyan haraji sauƙi. Daga 1996 ya fara tura kusan tan miliyan ɗaya a shekara cikin wani shimfiɗaɗɗen dutsen yashi mai cike da ruwan gishiri, kimanin kilomita ɗaya ƙarƙashin teku, wanda wani dutsen laka mara ƙofa ya rufe ta sama kamar murfi. A irin wannan zurfi, daga mita 800 zuwa ƙasa, matsi yakan sa iskar ta yi kauri kamar ruwa, ta ci ɗan wuri kaɗan. Masana sun yi ta ɗaukar hoton ƙasan da igiyar sauti shekara bayan shekara, suna kallon yadda iskar ta bazu hawa-hawa har hawa tara, ta tsaya a ƙarƙashin murfin. Abin da aka binne a can ya haura tan miliyan 15, ba a kuma ga alamar yoyo ba.

Sai dai ba nan gizo ke saƙar ba. Sleipner matatar gas ce, raba kabon dole ne a kanta ko da haraji ko babu, ƙarin aikin kawai matsewa da ɗurawa. Tashar lantarki kuwa wani abu ne daban. Hayaƙin da ke fita daga tukunyar kwal, kashi 12 zuwa 15 ne kawai kabon, saura yawanci iskar naitrojin ce da tururi. Na tashar gas ya fi haka tsinkewa, kashi 3 zuwa 4. Ga shi ba matsi a kansa, ga yawa. Sai an gina hasumiya mai tsayin bene hawa goma ko fiye, a cika cikinta da lanƙwasassun faranta na ƙarfe, hayaƙi ya shigo ta ƙasa yana hawa, ruwan amin yana tsiyayowa daga sama, su haɗu a kan farantan, sinadarin ya cafke kabon ya bar sauran ya wuce. Daga nan a kwashe ruwan zuwa hasumiya ta biyu, a dafa shi da tururi har zafi ya kai digiri 120, ya saki abin da ya riƙe, a mayar da shi ya sake zagaye. To, tururin nan daga ina? Daga tukunyar da ya kamata ta juya injin wuta. Injinan matse iskar su ma wutar tashar suke sha. Rahoton musamman da kwamitin masana yanayi na Majalisar Ɗinkin Duniya ya fitar a 2005 ya ce ana iya kama kashi 85 zuwa 95 na kabon, amma tashar za ta buƙaci ƙarin makamashi kashi 10 zuwa 40. A taƙaice, sai ka ƙona ƙarin kwal kafin ka share dattin kwal.

Kusan duk binciken da aka yi tun daga lokacin, kan rage wannan asara yake. Wasu sun nemi sinadaran da ke sakin kabon ba tare da dogon dahuwa ba, kuma an samu ci gaba na gaske, an rage zafin da ake buƙata da kusan kashi ɗaya cikin uku. Wasu suka ce a ƙona kwal da zallar iskar oksijin, yadda hayaƙin zai fito kusan kabon da tururi kawai. Wasu kuma suka ce a mayar da kwal ɗin gas tukuna, a cire kabon kafin a kunna wuta. Kowace hanya ta yi aiki a ɗakin gwaji da ƙananan tashoshi.

Tsakanin 2003 da 2015 aka yi damina ta alkawura. Shugaban Amurka George Bush ya sanar da shirin FutureGen, na gina tashar kwal mai kama kabon, a 2003, aka zaɓi wuri a jihar Illinois, gwamnati ta janye a 2008, aka farfaɗo da shi da sabon tsari, aka sake binne shi a 2015 ba a kama ko tan ɗaya ba. Firaministan Norwe Jens Stoltenberg, a jawabinsa na sabuwar shekarar 2007, ya kwatanta aikin da za a yi a tashar Mongstad da saukar ɗan Adam a duniyar wata. A 2013 aka soke babban aikin, aka bar cibiyar gwaji, wadda ita kam tana da amfani har yanzu. A Jamus kamfanin Vattenfall ya gina ƙaramar tashar oksijin a Schwarze Pumpe a 2008, ta yi aiki lafiya, amma mutanen yankunan da za a binne iskar suka ce ba a ƙarƙashin gonakinsu ba. Haka mutanen Barendrecht a Holan suka kori shirin kamfanin Shell a 2010. Birtaniya ta ware fam biliyan ɗaya ta sa gasa, ta janye kuɗin a Nuwamban 2015 ana dab da sanar da wanda ya ci.

Wanda ya fi kowanne ciwo shi ne aikin tashar Kemper a jihar Misisipi ta Amurka. An fara gini a 2010 da niyyar mayar da kwal mai danshi, mara daraja, zuwa gas, a kama kashi 65 na kabonsa, a samar da megawat 582, a kan kuɗin da bai kai dala biliyan 3 ba. An shiga gini tun zane bai kammala ba, da fasahar da ba a taɓa gwadawa a wannan girma ba. Bututu suka yi ta yoyo, bangon cikin tukunyar gas ɗin ya yi ta ɓarewa, ranar buɗewa ta yi ta matsawa. Da kuɗi ya kai dala biliyan bakwai da rabi, a 2017, hukumomin jihar suka ce ya isa haka, tashar ta ci gaba da ƙona gas na kasuwa kamar kowace tasha. A 2021 aka sa nakiya aka rushe wani ɓangare na ginin da aka kashe wa biliyoyin.

Ita ma Boundary Dam murnarta ta ɗan koma ciki. Tokar kwal mai laushi ta riƙa kutsawa cikin ruwan amin tana lalata shi da wuri fiye da yadda aka ƙiyasta, na'urori suna toshewa, a shekarar farko bai fi kashi 40 na abin da aka tsara ta kama ba. Har tara kamfanin lantarkin ya biya wa kamfanin man da ya yi alkawarin sayar wa iskar. An gyara abubuwa da yawa daga baya, tashar tana aiki, ta kama miliyoyin tan, kuma a ganina injiniyoyin duniya sun fi koyon darasi daga toshewar bututunta fiye da duk rahotannin da aka rubuta kafin ta. Amma da lokaci ya yi da za a yi wa injina na huɗu da na biyar irin wannan aiki, kamfanin ya ce a'a.

Ɓangaren ajiya ma bai rasa nasa darussa ba. A In Salah, cikin hamadar Aljeriya, an fara ɗura iskar a 2004, sai tauraron ɗan Adam ya hango ƙasa tana kumbura da 'yan milimitoci a saman rijiyoyin, alamar matsi ya yi yawa a dutsen da ba shi da yalwar ramuka. Aka dakatar a 2011 bayan an binne kusan tan miliyan 4. A Fabrairun 2020 kuma bututun kabon ya fashe kusa da ƙauyen Satartia a Misisipi. Iskar ta fi iskar shaƙa nauyi, sai ta kwanta a kwari, motoci suka mutu a kan hanya don injin bai samu oksijin ba, mutum 45 suka je asibiti. Tsoron mutanen Barendrecht ashe ba na banza ba ne, ko da yake haɗarin ya fi zama a bututu fiye da can cikin dutse.

Ana cikin wannan faɗi-tashi kasuwa ta sauya a ƙarƙashin ƙafar masu bincike. Kuɗin wutar hasken rana ya faɗi da fiye da kashi 80 tsakanin 2010 da 2020, gas ya yi arha a Amurka, tsofaffin tashoshin kwal suka fara rufewa da kansu. Mai tashar da ta shekara arba'in, me zai sa ya ɗora mata na'urar biliyan ɗaya da za ta rage masa wutar sayarwa? Masu suka suna cewa duk zancen wata dabara ce ta tsawaita ran kwal da mai, kuma tarihin da ke sama ya ba su abin kafa hujja. Masu goyon baya suna nuna Sin da Indiya, inda tashoshin kwal sababbi ne, ba wanda zai rufe su gobe. A Sin ɗin kuwa ana ci gaba: a 2023 tashar Taizhou ta fara kama tan dubu 500 a shekara. Amurka ta ɗaga rangwamen harajinta zuwa dala 85 a kan kowane tan da aka binne, a dokar 2022. Birtaniya ta amince a ƙarshen 2024 a gina tashar gas mai kama kabon a Teesside. Duk da haka, abin da ake kamawa a duniya baki ɗaya wajen tan miliyan 50 ne a shekara, yawancinsa daga matatun gas, alhali makamashi na sakin sama da tan biliyan 37.

Labarin Petra Nova, na'urar kama kabon da aka haɗa da wata tashar kwal a Teksas, ya tattara kusan komai. An gina ta kusa da Houston a kan dala biliyan ɗaya, gwamnati ta sa miliyan 190, ta fara aiki a farkon 2017 a kan lokaci kuma cikin kasafi, abin da ba a saba gani ba. Don kada ta rage wutar tashar kwal ɗin, sai aka gina mata nata injin gas daban, wanda shi ba a kama hayaƙinsa. Iskar da ta kama ana tura ta ta bututu mai tsawon kilomita 130 zuwa filin mai na West Ranch, inda aka sa ran za a tashi daga ganga 300 a rana zuwa dubu 15. Ba a kai rabin haka ba. Na'urar tana kama fiye da kashi 90 na kabon da ya bi ta cikinta, amma albashinta daga rijiyar mai yake fitowa. Da annobar korona ta karya farashin mai, a watan Mayun 2020, aka kashe ta. A 2022 kamfanin NRG, ɗaya daga cikin masu ita, ya sayar da rabinsa ga abokin haɗin gwiwarsa na Japan a kan dala miliyan 3.6, kuma sabon mai ita ya sake kunna ta a Satumban 2023, bayan farashin mai ya farfaɗo.