Jirgin yaƙi ba shi da layar zana

A majalisun ƙauyukanmu na Jigawa an daɗe ana cewa Amurka na da jirgin yaƙin da ido ba ya gani. Ba haka ba ne. Jirgin B-2, da ya fara tashi a 1989, ana ganinsa sarai da rana, na'urar rada ce ke wahalar gano shi, wato na'urar da ke aika sigina sama, ta gane akwai jirgi idan siginar ta bugi jikinsa ta dawo. Ba shi da wutsiya, gangar jikinsa da fukafukansa a haɗe suke, sai siginar rada ta zame gefe, kaɗan ke komawa.

Ku gwada da dare: ku haska madubi da tocila, ku karkata shi, hasken ba zai dawo idonku ba. Irin ƙirar jirgin nan tana kuma rage shan mai, shi ya sa ake gwada ta don jiragen dakon kayan soja. Don Allah ku tura wa 'yan uwa.