Manyan rokokin kwaikwayo

Manyan rokokin kwaikwayo su ne rokokin da mutane ke haɗawa da hannunsu don sha'awa ko neman ilimi, su harba su sama daga fili, sannan su sauko da su da laima domin a sake amfani da su. Wasu ana ƙera su da siffar wata roka ta gaske da aka rage girmanta, wasu kuma ba a neman komai a wurinsu sai nisa. Nauyi da ƙarfin inji ne suka raba su da ƙananan da yaran makaranta ke harbawa. A Amurka, inda harkar ta fi kafuwa, roka tana fita daga sahun ƙanana idan nauyinta ya wuce giram 1,500 ko makamashinta ya wuce giram 125, kuma daga nan ba a harba ta sai da izinin hukumar kula da zirga-zirgar jiragen sama ta ƙasar.

Asali

A shekarar 1954 Orville Carlisle, wani mai sayar da takalma a garin Norfolk na jihar Nebraska wanda ya san aikin wasan wuta, ya ƙera ɗan ƙaramin injin albarushi a cikin bututun takarda, wanda ake sa wa roka a harba sau ɗaya a jefar. A 1957 ya aika wa G. Harry Stine samfuri, shi kuwa Stine jami'in kiyaye haɗari ne a filin gwajin makamai masu linzami na White Sands. A watan Oktoban shekarar Tarayyar Sobiyet ta harba Sputnik, tauraron ɗan Adam na farko, matasan Amurka suka dukufa wajen dura sinadarai cikin bututun ƙarfe a bayan gida, wasu suka rasa yatsu da idanu, wasu rayukansu. Stine ya ga cewa maganin abin shi ne a raba mai gina roka da haɗa makamashi: inji ya fito daga masana'anta, jikin roka kuma ya zama na kwali da katako mara nauyi. A kan wannan ka'ida aka kafa ƙungiyar National Association of Rocketry a 1957, kuma a 1958 Vern Estes ya buɗe kamfaninsa a Denver da na'urar da ke sarrafa injunan da yawa. Manyan rokoki sun zo daga baya, musamman ta hannun ƙungiyar Tripoli, wadda ta faro a 1964 a matsayin ƙungiyar ɗaliban sakandare kusa da Pittsburgh.

Inji da matakan shaida

Ana rarraba injuna da haruffa gwargwadon jimillar turin da suke bayarwa, kuma kowane harafi ninki biyu ne na wanda ya gabace shi. Ajin A yana tsayawa a niyuton-sakan (ma'aunin jimillar turi) 2.5, ajin G a 160, ajin O a 40,960, wato ninkin A sau 16,384. Daga H zuwa sama ba a sayar wa mutum inji sai ya nuna shaida. Matakin farko, na H da I, ana samun sa ne idan mutum ya gina roka ya harba ta a gaban masu duba kuma ta sauko lafiya. Mataki na biyu, na J zuwa L, yana haɗawa da jarrabawa a rubuce, na uku kuma, na M zuwa O, sai ƙwararru sun bi zanen da ginin tun daga farko.

Albarushi bai dace da babban inji ba, domin curinsa yana tsagewa, wuta ta shiga tsagar ta fasa inji. Saboda haka manyan injuna suna amfani da haɗin amoniyam fakuloret da garin alminiyam da wani irin roba mai riƙe su, dangin makamashin da ke cikin rokokin gefe na kumbon Space Shuttle. Wannan haɗin ya jawo doguwar shari'a tsakanin ƙungiyoyin nan biyu, National Association of Rocketry da Tripoli, da hukumar tarayya mai kula da abubuwan fashewa, wadda aka shigar a 2000, sai a Maris 2009 kotu ta soke sanya shi cikin jerin abubuwa masu fashewa.

Gini da daidaito

Kwali ba ya jure turin babban inji, don haka ana yin jiki da zaren gilashi ko zaren kabon da gam mai ƙarfi, a ratsa fikafikai ta bangon jiki har su manne da bututun inji. Amma babbar matsala ita ce daidaito. Rokar kwaikwayo ba ta da matuƙi. Iska ce kaɗai ke miƙar da ita, kuma hakan ba ya yiwuwa sai cibiyar nauyinta tana gaban wurin da matsin iska ke taruwa da tazarar da ta kai aƙalla faɗin jikinta. James Barrowman, injiniya a NASA, ya fitar da lissafin gano wannan wuri a shekarun 1960, kuma manhajoji irin su OpenRocket har yau a kansa suke dogara.

Mai kwaikwayon roka ta gaske ya fi kowa shan wannan wahala. Saturn V, wadda ta kai mutane duniyar wata, tana gyara hanyarta ne ta karkata bakin injunanta, shi ya sa fikafikanta ƙanana ne idan an gwada da jikinta. Wanda ya rage ta daidai-wa-daida zai sami abu mai kyan gani da ka iya wulwulawa a sama, sai dai ya ƙara girman fikafikai ko ya zuba nauyi a hanci, kowanne kuma da abin da yake ragewa, ko kamanni da ta asali ko nisa. Fitaccen misali shi ne na Steve Eves, mai gyaran jikin mota daga jihar Ohio, wanda a ranar 25 ga Afrilu, 2009 ya harba Saturn V mai kashi ɗaya cikin goma na girman ta asali a jihar Maryland. Tsawonta ya kai kusan mita 11, nauyinta kusan kilo 750, injuna tara suka ɗaga ta, ɗaya ajin P, wanda ya fi O ƙarfi, takwas ajin N, ta yi sama kimanin mita 1,350 kafin ta sauko da laimomi.

Saukowa

Masu harkar sun fi jin tsoron saukowa da tashi, kuma da gaskiyarsu. Idan babbar laima ta buɗe tun a ƙololuwa, iska za ta tafi da rokar nisan kilomitoci; idan ba ta buɗe ba, abu mai nauyin gaske ne zai faɗo da ka. Dabarar da aka saba ita ce buɗewa sau biyu: na'urar da ke auna tsayi ta hanyar matsin iska tana tayar da ɗan albarushi a ƙololuwa ya fitar da ƙaramar laima, roka ta gangaro da sauri ba tare da ta kife ba, sannan a mita ɗaruruwa kaɗan daga ƙasa ta fitar da babbar. A manyan rokoki ana sa na'urori biyu, kowace da batirinta. Ana kunna inji da lantarki daga nesa, ba a harbawa cikin gajimare, ba a kuma harbawa idan iska ta wuce kilomita 32 a awa.

Wannan ne ya sa ake neman faƙo mai faɗi kamar hamadar Black Rock ta jihar Nevada, wadda busasshen tafki ce. Daga can ne a ranar 17 ga Mayu, 2004 rokar GoFast ta ƙungiyar Civilian Space eXploration Team (CSXT) ta kai kimanin kilomita 116, ta zama rokar 'yan sa-kai ta farko da ta shiga sararin samaniya, kuma a Oktoban 2024 ɗaliban Jami'ar Kudancin Kalifoniya suka wuce ta da rokar Aftershock II, wadda ta kai kimanin kilomita 143.