Waiwaye: Yadda Man Girki Ya Bar Maƙera, Ya Kuma Fara Dawowa

Muhawarar da injiniyoyi ke yi kan ko a koma ba wa ƙarfe ruwa (wato tsoma shi da zafinsa domin ya yi tauri) cikin man tsirrai maimakon man da ake tacewa daga ɗanyen fetur ta sa wasu na ɗaukar man gyaɗa ko man waken suya a matsayin baƙo a wannan sana'a, alhali shi ne ɗan gida. Tun ƙarni na farko Miladiyya, marubucin Rum Pliny ya ambaci cewa ana tsoma ƙananan kayan ƙarfe cikin mai domin kada ruwa ya sa su yi saurin karyewa, kuma har ƙarni na 19 kitsen dabbobi da man tsirrai ne ke hannun maƙera.

An fi danganta komawa ga man da ake tacewa daga fetur da haƙa rijiyar mai ta Pennsylvania a Amurka a 1859, amma arhar man kaɗai ba ta isa hujja ba. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne sauyin da aikin kansa ya yi a farkon ƙarni na 20, lokacin da ya tashi daga kaskon maƙeri ya koma manyan tankunan masana'antu, inda ake tsoma dubban sassan injin da zafinsu ya haura digiri 800 a ma'aunin Celsius cikin mai guda, wata da watanni ba a canza shi ba. Maƙerin da ke ba wa wuƙa ɗaya ruwa bai damu da tsufan mai ba. A tanki kuwa, zafi da iska suna sa man tsirrai ya yi kauri, ya yi danƙo, saurin sanyayawarsa ya canza, har ƙarfen yau ya bambanta da na makon jiya. A ganina nan ne ya faɗi, ba wajen ingancin taurin da yake bayarwa ba, domin da wuya ya lulluɓe ƙarfe da tururin da ke jinkirta sanyi, kuma ya fi wanda ake tacewa daga fetur jure zafi kafin ya kama wuta.

Damuwa kan gurɓatar ƙasa da ruwa ce ta dawo da maganar, har jami'o'in Najeriya da Brazil suka gwada manja, man angurya da man waken suya, yayin da maƙera da dama a kasuwanninmu ke amfani da baƙin man mota da aka zubar. Gwajin ɗakin bincike yakan yi kyau. Abin da ake ta nema har yanzu shi ne sinadarin da zai hana man tsirrai tsufa a tanki.