Fayil ɗin ma'aikaci: me ake sawa ciki, kuma wa ke da ikon buɗewa?

Me ya kamata a samu a fayil tun farko?

Takardar ɗaukar aiki da ta kama aiki, kwafin takardun makaranta bayan an ga na asali ido da ido, shaidar haihuwa ko takardar rantsuwa ta kotu, hoto, lambar shaidar ɗan ƙasa (NIN), asusun banki, lambar fansho da sunan magaji. Sashe na 7 na Dokar Ƙwadago ta Najeriya ya wajabta a ba ma'aikaci sharuɗɗan aikinsa a rubuce cikin wata 3 da fara aiki. A sa kwafin da ya rattaba wa hannu a ciki.

Me ya sa ake buɗe wa mutum ɗaya fayil biyu?

A ma'aikatun gwamnati akwai buɗaɗɗe, akwai na sirri. Takardun hutu, canjin wurin aiki da zuwa kwas suna buɗaɗɗe. Takardar tuhuma, rahoton kwamitin ladabtarwa da sakamakon asibiti kuwa sai na sirri.

Wane kuskure ne ya fi jawo wahala?

Ranar haihuwa, sai ranar fara aiki. A aikin gwamnatin tarayya galibi ana ritaya ne da cika shekara 60 da haihuwa ko 35 a bakin aiki, duk wadda ta riga zuwa, don haka lissafin ritaya da fansho duk a kansu ya rataya. Sai ka tarar fayil ya ce 1968, NIN ta ce 1970, kamfanin fansho kuma yana riƙe da wata daban. Ba mai lura sai ranar tantancewa, lokacin albashi ya tsaya, haƙƙi ya maƙale. Haka rubutun suna: Muhammad a nan, Mohammed a can. Abin kamar wasa, amma na'ura mutum biyu take gani. Maganinsa a gwada takardun da juna a makon farko, a daidaita. Kada kuma a shafe kwanan wata da farin ruwan gogewa. A ja layi ɗaya, a rubuta daidai, jami'i ya sa hannu da kwanan wata.

Har yaushe ake ajiyewa?

Sashe na 75 na Dokar Ƙwadago ya ce bayanan albashi da sharuɗɗan aiki a riƙe su shekara 3. Wannan mafi ƙaranci ne. Shaidar tura kuɗin fansho, wato kashi 8 cikin ɗari na ma'aikaci da kashi 10 na wanda ya ɗauke shi aiki bisa dokar fansho ta 2014, gara a riƙe ta har mutum ya karɓi haƙƙinsa.

Takarda ko kwamfuta?

Duka biyun. Takarda a kabad ɗin ƙarfe mai makulli, a ɗaga shi daga ƙasa saboda gara da danshin damina. Kowane shafi a ba shi lamba a jere, ta haka ake gane an zare wani. Fayil ba ya barin ofishin rajista sai an rubuta a littafi wa ya ɗauka da yaushe. Na kwamfuta kuma a yi masa kwafi na biyu a wani gini daban.

Wa zai iya gani?

Wanda aikinsa ya buƙata kawai. Dokar Kare Bayanai ta 2023 ta ba ma'aikaci damar neman ganin bayanansa da gyara kuskure. Idan bayanai suka fita ta hanyar da za ta iya cutar da masu su, dole a sanar da hukumar kare bayanai ta ƙasa (NDPC) cikin awa 72 da gano hakan. Tura jadawalin albashi a zauren WhatsApp na ofis yana iya faɗawa cikin wannan.