Akwati da Ƙafa: Amsoshin Tambayoyin Masu Shirin Umra Cikin Tawaga

Duk lokacin da aka buɗe rajistar Umra, musamman ta watan Ramadan, tambayoyi iri ɗaya ne suke dawowa, kuma mafi yawansu a kan akwati ne, alhali abin da ya fi wahalar da mutane a Makka da Madina shi ne ƙafa da gwiwa. Na tattara amsoshin a wuri ɗaya domin wanda ya sake tambaya a nuna masa, kuma ina roƙon a karanta har ƙarshe kafin a kira waya.

Kilo nawa aka yarda in ɗauka?

Abin da aka rubuta a tikitinka. A mafi yawan jirage, akwatin da ake aunawa a kujerun gama-gari ba ya wuce kilo 23, jakar hannu kuma kilo 7, amma wani kamfanin yana ba da akwati biyu, wani ɗaya, wani kuma yana lissafi da jimillar nauyi. Abin da aka bai wa maƙwabcinka bara ba hujja ba ce a gaban mai awo.

Tunda a tawaga muke, ai jagora da ma'aikatan otal za su ɗaukar mini kaya, ko ba haka ba?

A'a. Aikin jagora shi ne ya riƙe lissafin mutane, ya nemo mota, ya karɓi makullan ɗakuna, ya nuna inda za a ɗaura harami, ya kuma nemo wanda ya ɓace. Ba ɗan dako ba ne, kuma mutum ɗaya ba zai iya jan akwatunan motar bas guda ba. Bayan haka, ana yawan rufe hanyoyin da suke kewaye da Harami idan lokacin salla ya gabato, ta yadda motar da ta kawo ku daga Jidda za ta iya sauke ku nesa da ƙofar masauki, ku ƙarasa da ƙafa cikin cunkoso. A wannan lokacin kowa ta kansa yake yi. Alhaji, idan ka saba a gida yara ne suke ɗaukar maka jaka daga mota zuwa zaure, ka sani cewa yaran nan a gida za ka bar su. Duk akwatin da ba za ka iya ɗaga shi da kanka daga ƙasa zuwa bayan mota ba, ya fi ƙarfinka, komai kyansa.

Wai tafiyar ƙafa nawa ce har ake ta tsoratar da mu?

Ba tsoratarwa ake yi ba, lissafi ne. Sa'ayi tsakanin Safa da Marwa, inda zuwa yake ɗaya, dawowa ɗaya, har a cika 7, ya kai kusan kilomita 3, a kan daɓen marmara mai tauri, kuma akasari ba takalmi. Kafin shi akwai ɗawafi zagaye 7, wanda tsawonsa ya danganta da inda ka samu wuri: idan cunkoso ya hana ka filin da ke kusa da Ka'aba aka tura ka bene, kowane zagaye zai ninka a tsawo. Ka haɗa da tafiya daga masauki zuwa masallaci da dawowa, wadda za ka maimaita a salloli 5 na kowace rana idan ba a masallacin za ka wuni ba, ga kuma tsayuwar tarawihi da tahajjudi ga mai zuwa a Ramadan, da azumi a bakinsa. Sau da yawa kuma ana yin Umrar ne a daren da aka sauka, bayan an kwashe sa'o'i a zaune cikin jirgi da layin duba fasfo. Mutumin da ya shekara bai taka daga gidansa zuwa masallacin Juma'a ba, shi ne yake kwana biyu a ɗaki yana shafa man zafi bayan Umra, kwanakin da ya biya kuɗi mai yawa domin ya yi su a Harami.

Zan iya tafiya da jakar Gana-mas-go?

Kada ka yi. Ba ta da taya, zif ɗinta yana fashewa, kuma akwai kamfanonin jiragen da suka daina karɓar ta.

To wane girman akwati ya fi dacewa: babba guda ɗaya ko matsakaita biyu?

Wannan ce tambayar da ba ta da amsa ɗaya, don haka sai a yi haƙuri da tsawon bayani. Akwatunan da ake sayarwa a kasuwa galibi kala uku ne: ƙarami mai kusan inci 20 wanda ake shiga da shi cikin jirgi, matsakaici mai inci 24, da babba mai inci 28 zuwa sama. Ƙa'idar da jirage da yawa suke bi ita ce idan aka haɗa tsawo da faɗi da kaurin akwati, har da taya da mariƙi, kada ya wuce santimita 158. Mai inci 28 yana dab da wannan iyaka, wani yana shiga wani ba ya shiga, wanda ya fi shi girma kuwa yawanci ya wuce. Matsalar babban akwati ma ba a girman kaɗai take ba. Shi kansa ba komai a ciki yana iya cin kilo 4 ko 5 daga cikin kilo 23 ɗinka, kuma tun bai cika ba zai haura nauyin da aka yarda, mai shi kuwa idan ya ga sauran fili sai ya ci gaba da cusa kaya. A haka ne ake ganin dattijo a durƙushe a filin jirgi yana zazzage kayansa a gaban jama'a.

Saboda haka, ga yawancin mutane, ina ba da shawarar matsakaici guda ɗaya wajen tafiya. Umrar kwana 10 zuwa 14 ba ta buƙatar fiye da kayan sawa kala 4 ko 5, domin akwai masu wanki a unguwannin masaukai, kuma riga tana bushewa cikin sa'o'i kaɗan a wannan yanayi. Sai dai a nan ne maganar tsaraba take shigowa ta rikita lissafi, domin babu wanda yake dawowa da abin da ya tafi da shi kawai: dabino da darduma suna da nauyi, jallabiya da abaya suna cin wuri, ga turare da carbi na 'yan uwa da maƙwabta. Idan tikitinka ya ba ka akwati biyu, dabarar da ta fi sauƙi ita ce ka tafi da ɗaya, ka naɗe jaka mai laushi mai ƙwari ka sa a ciki, ko ka sayi akwati na biyu a can a kwanakin ƙarshe. Amma wannan ma ya danganta da tsarin tafiyarku. Idan da Madina kuka fara kuka ƙare a Makka, ka jinkirta sayayya mai nauyi zuwa ƙarshe gwargwadon iko; idan kuwa da Makka kuka fara, duk abin da ka saya a can sai ka ja shi tafiyar kusan kilomita 450 zuwa Madina. Idan a bas za a kai ku, da sauƙi. Idan a jirgin ƙasa na Haramain ne, wanda aka buɗe a 2018, to yana da tasa iyakar kaya wadda ta fi ta jirgin sama tsauri, kuma babban akwati yana iya zama abin jayayya a tasha, don haka ka tambayi kamfaninku tun yanzu ko za a tura manyan kaya daban a mota.

Akwai kuma waɗanda babban akwatin zai iya yi musu daidai, kamar miji da mata da suka haɗa kayansu wuri ɗaya a jirgin da yake lissafi da jimillar nauyi, muddin akwai mai ƙarfin jan shi, kuma bai wuce kilo 32 ba, domin wannan ita ce iyakar da galibi ba a karɓar akwati guda idan ya haura ta ko da za a biya kuɗin ƙari. Duk da haka ina ganin raba kaya biyu ya fi, saboda idan akwati ɗaya ya makara a hanya, musamman ga masu sauya jirgi a Alƙahira ko Addis Ababa, ba za a rasa komai gaba ɗaya ba. Ruwan Zamzam kuwa, galan mai lita 5 da aka liƙe shi ake yarda da shi, a filin jirgi ake sayen sa, kuma ba a cusa shi cikin akwati. Ko yana cikin lissafin kilonka ko ba ya ciki, wannan sai kamfanin jirginka ya faɗa.

Na sayi sabon takalmi musamman domin tafiyar.

Ka fara sa shi daga yau. Sabon takalmi da doguwar tafiya ɓororo suke haifarwa. Mai faso kuma ya fara shafa mai tun a gida, kuma ya nemi marar ƙamshi wanda zai yi amfani da shi bayan ya ɗaura harami. Maza su shafa har tsakanin cinyoyi, domin gogar fata cikin gumi ta gurgunta tafiyar mutane da yawa da suke jin kunyar faɗa.

Yaushe zan fara motsa jiki, kuma me zan yi?

Mako 6 zuwa 8 kafin tashi, kuma ba sai ka je gidan motsa jiki ba. Ka fara da tafiyar minti 20 bayan Asuba ko bayan La'asar, kana ƙarawa kaɗan kaɗan kowane mako har ka iya yin awa ɗaya ba tare da ka nemi wurin zama ba. Idan akwai bene a wurin aikinka, ka riƙa hawa da ƙafa. Ka kuma saba da shan ruwa kafin ƙishi ya kama ka, domin zafin Makka a lokacin bazara yana haura digiri 45, kuma a Hajjin 2024 hukumomin Saudiyya da kansu sun sanar da rasuwar mahajjata fiye da 1,300, mafi yawansu sakamakon doguwar tafiya cikin rana. Kada wani ya ce mini ai mu ma mun saba da zafin Sakkwato ko na Maiduguri. A gida kana shiga inuwa ka kishingiɗa da tsakar rana, a can kuwa tafiya kake yi cikin taro. Wanda ya bari sai saura kwana 3 sannan ya tashi ya yi tafiyar kilomita 10 a rana ɗaya, ciwon jiki kawai zai shiga jirgi da shi.

Me zan sa a jakar hannu?

Fasfo, takardar biza, katin rigakafi, magungunanka, kayan sawa kala ɗaya, da batirin cajin waya, wanda ba a yarda a sa shi cikin akwatin da aka auna ba. Duk abu mai ruwa kada ya wuce mililita 100. Idan kuma kai tsaye Jidda za ku sauka ku wuce Makka, a sama za ku ƙetare miƙati, saboda haka haraminka ya kasance a jikinka ko a jakar hannu. Kowace shekara sai an samu wanda ya kulle nasa a cikin akwati, sai an yi sanarwa a jirgi ya fara zare ido.

Wani ya ba ni saƙo in kai wa ɗan'uwansa a Makka. Goro kuma fa?

Kada ka karɓi ƙunshin da ba kai ka ɗaure shi ba, ko daga wa ya fito, ko da za a ji haushinka. Hukuncin safarar miyagun ƙwayoyi a Saudiyya yana kaiwa ga kisa, kuma "ban san abin da ke ciki ba" ba ta fitar da mutum nan take. Ka kulle akwatinka, ka tsaya a kai har a auna shi, ka riƙe takardar shaidar kayanka, ka kuma duba cewa yawan kayan da aka rubuta da sunanka shi ne yawan da ka miƙa. Goro kuwa Hukumar Alhazai ta Ƙasa ta sha gargaɗi a kansa; ka bar shi a gida.

Mahaifiyata ta haura shekara 70, tana da ciwon gwiwa da hawan jini. Mu fasa?

Ku kwantar da hankalinku, tsofaffin da suka fi ta rauni suna yin Umra lafiya. Ta ga likita tun da wuri, a rubuta mata magungunan da za su ishe ta har da ƙarin kwanaki, a bar su cikin kwalayensu na asali tare da takardar likita. A cikin Harami akwai keken guragu da masu turawa da aka yi wa rajista, akwai kuma masu amfani da lantarki, kuma babu abin kunya a ciki: Annabi (SAW) ya umarci Ummu Salama ta yi ɗawafi a kan abin hawa lokacin da ba ta da lafiya. Abin da ya kamata ku kashe wa kuɗi shi ne masauki kusa da masallaci, ko da za a rage tsaraba. Kuma kai da kake rakiyarta ka tuna cewa akwatinta ma kai za ka ja, don haka naka ya zama ƙarami.

Allurar rigakafi dole ce?

Dole ce. Ta sanƙarau a yi ta aƙalla kwana 10 kafin isa, kuma mai tashi daga Nijeriya ya riƙe katin zazzaɓin shawara, ya kuma tambaya game da ta shan inna.

Idan aka kai mu ziyara, sai na hau Kogon Hira?

Ba ya cikin ayyukan Umra, kuma Umrarka ba ta raguwa da komai idan ka tsaya a gindin Dutsen Nur. Ziyarar Madina, wato Masallacin Ƙuba da Uhudu da Ƙiblataini, mota ce take kai ku kusa, tafiyar ba ta da yawa. Hira kuwa hawa ne mai tsayi a kan matakalai marasa daidaito, yana ɗaukar awa ɗaya ko fiye, kuma saukowa ta fi cin gwiwa. Matashi mai lafiya da yake so ya je, ya tafi da sassafe da ruwa a hannu, ya kuma sanar da jagora, domin motar tawaga ba za ta jira shi ba. Mai ciwon zuciya, ko ciwon suga, ko wanda gwiwarsa take ƙara idan ya tashi daga sujada, ya zauna a mota.